Dariya A Kan Ɗan Awo: Wasannin Rediyon Ingila A Zamanin Yaƙin Hitila

Mutanen Ingila ba su noma abin da ya ishe su ci. Kafin yaƙin Hitila, wajen kashi biyu cikin uku na abincinsu a jirgin ruwa a ke kawo musu shi daga ƙetare: alkama daga Kanada, nama daga Ajantina da Ostareliya, ganyen shayi daga Indiya da Silon, gyaɗa da manja daga Afirka ta Yamma. Jamusawa kuwa sun san da haka sarai. Saboda haka da yaƙi ya ɓarke cikin watan Satumba 1939, sai suka saki jiragensu masu tafiya ƙarƙashin ruwa su riƙa nutsar da jiragen kaya, da nufin in ba a ci Ingila da bindiga ba a ci ta da yunwa.

Da Gwamnati ta ga haka, sai ta dubi ruwa ta dubi tsaki. Aka ba kowane mutum, babba da yaro, wani ɗan littafi na rabon abinci, aka ce kowa ya je ya rubuta sunansa wurin mai kanti da mahauci, nan kaɗai zai riƙa sayen rabonsa. Ran 8 ga Janairu 1940 aka fara da sukari da man shanu da naman alade mai gishiri. Cikin Maris aka ƙara da sauran nama, shi kuwa da kuɗi aka ƙayyade shi, ba da awo ba: na sule 1 da kwabo 10 a mako, a kuɗin zamanin, daga baya aka rage ya koma na sule 1 da kwabo 2. Cikin Yuli aka kai ga ganyen shayi, oza 2 a mako. Man shanu ya sauka har oza 2, watau kamar cikin babban cokali huɗu, shi ne na kwana bakwai. Ƙwai guda ɗaya a mako, in an dace. Tufafi suka shiga lissafi a 1941, sabulu da alewa a 1942.

Abin mamaki, wannan matsi shi ya zama babban abin dariya a ƙasar, a rediyon BBC kuma a ke yin dariyar, gidan da Gwamnati ke sa wa ido dare da rana saboda yaƙi. Marubutan Ingila da yawa sun yabi waɗannan wasanni, har wasu suna cewa su suka riƙe zukatan jama'a ba su karaya ba. Akwai gaskiya cikin wannan yabo, amma an zuba masa gishiri. Wanda ya duba wasannin da kyau zai ga dariyarsu iri ɗaya ce: dariyar mutumin da rabonsa ƙarami ne amma tabbatacce, wanda kuma ya leƙa kwanon maƙwabcinsa ya ga daidai ya ke da nasa. Ba dariyar ce ta haifi haƙuri ba. Adalcin rabo ta tarar ta hau kai, inda kuwa babu wannan adalci ba ta iya komai ba.

A farkon yaƙin BBC ba ta san abin da jama'a ke so ba. Ta rufe talabijin, ta haɗa tashoshinta suka zama guda, ta cika kunnen mutane da sanarwar Gwamnati da fayafayen garmaho da kiɗan molon coci na wani Sandy MacPherson, safe da yamma. Gidajen siliman da na wasa an rufe su na ɗan lokaci don tsoron bom. Mutane na zaune cikin duhu, gama an hana barin haske ya fita ta taga, ga gundura ta ishe su. Da yawa sai suka riƙa murɗa akwatinsu zuwa tashar Jamus, suna sauraron William Joyce, wanda suka yi wa laƙabi da Lord Haw-Haw, yana yi musu ba'a da Turanci. Ba don sun gaskata shi ba ne, sai don ya fi abin da ke gida ɗanɗano. Nan manyan BBC suka farga cewa in ba su ba jama'a abin dariya ba, abokin gaba zai ba su.

Wasan da ya fi kowane suna shi ne wanda a ke kira ITMA, watau haruffan farko na It's That Man Again, ma'anarsa mutumin nan ne kuma ya sake dawowa. Wata jarida ce ta saba sa wannan kan magana duk sa'ad da Hitila ya tayar da wata sabuwar fitina, sai masu wasan suka ɗauke shi suka liƙa wa nasu gwanin, Tommy Handley, mutumin Libaful. Ted Kavanagh, haifaffen New Zealand, shi ke rubutawa, Francis Worsley ke shiryawa. An fara shi cikin Yuli 1939 bai yi wani armashi ba, sai da yaƙi ya zo. Tsoron bom ya kore su daga Landan zuwa Biristol, daga nan zuwa Bangor cikin ƙasar Wales, kafin su komo. Rabin sa'a ne a mako, galibi daren Alhamis. A 1944 an ƙiyasta masu sauraronsa cikin Ingila sun haura miliyan 16.

Dabarar farko da Kavanagh ya yi ita ce mafi kyau cikin dukan aikinsa. Yaƙi ya haifi ofisoshi barkatai, kowanne da takardun cikewa da dokokinsa, mutum ba ya sayen ko ƙyalle sai da izini. Sai ya naɗa Handley Minista. Ya ɗauki sunan Ma'aikatar Noma da Kamun Kifi ya sauya masa 'yan haruffa, a Turance ya koma Ma'aikatar Ɓata Rai da Rufa-rufa. Ofishin Ayyuka kuma ya koma Ofishin Dolaye. A ciki Handley ke zaune yana zuba dokoki marasa kan gado, yana hana abin da ba wanda ya nema, yana ba da izinin abin da babu shi. Duk wanda ya taɓa tsayuwa bakin tagar ofis tun hantsi har azahar, aka ce masa takardarsa ba ta cika ba ya komo gobe, ya san inda wannan wasa ya ke sosa wa mutane. Daga baya aka sauya masa muƙami ya zama Magajin Gari na wani gari na ƙage a bakin teku, mai ɗan hannu cikin baitulmali.

Ginin wasan kuwa ƙofa ce kawai. A ƙwanƙwasa, wani ya shigo, ya faɗi maganarsa da kowa ya san zai faɗa, a yi musayar zance kamar walƙiya, a rufe ƙofa garam, wani ya shigo. Akwai Funf, ɗan leƙen asirin Jamus mai bugo tarho yana barazana, alhali kuwa Jack Train ne ke magana cikin tambulan don muryarsa ta yi amo. Akwai Kanar Chinstrap, tsohon soja mashayi, wanda kowace kalma aka faɗa sai ya ji kamar tayin kwalba aka yi masa, a zamanin da kwalbar ta yi wuya. Akwai wasu ma'aikata biyu masu ladabin tsiya, kowanne na cewa ɗan'uwansa ya fara wucewa, har an ba da labarin matuƙan jiragen yaƙi suna kwaikwayonsu a sama sa'ad da za su kai hari. Akwai kuma Mrs Mopp, mai shara da goge-goge, wadda Dorothy Summers ke yi, ta shigo da bokitinta tana ƙara, ta yi tambayarta mai harshen damo, ta miƙa wa Magajin Gari wani ɗan tsaraba da ta kawo masa, wanda ba mai hankalin da zai so a ba shi.

Masu sukar ITMA sun ce maimaici ne kawai, mako bayan mako magana ɗaya. Gaskiya ne maimaici ne, amma sun kuskure amfaninsa. Mutumin da bai san ko gidansa zai kwana tsaye ba, bai san ko ɗansa da ke Masar ko Bama yana da rai ba, ba sabon abu ya ke nema daren Alhamis ba. So ya ke ƙofa ta buɗe a lokacin da ta saba, Mrs Mopp ta faɗi abin da ta saba. Sa'an nan waɗannan 'yan maganganu suka zama kamar kuɗin kashewa a bakin jama'a. Mace ta tsaya a layin kifi bayan wadda ba ta taɓa gani ba, ta jefa mata rabin maganar, waccan ta cika mata, shi ke nan sun zama abokan wasa, kamar yadda Bafillace da Babarbare kan haɗu a tasha su fara tsokanar juna ba tare da an gabatar da su ba. Ga al'ummar da ba ta saba yi wa baƙo magana a hanya ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma in ana zancen abinci kansa, ba ITMA ne ya fi shiga madafa ba. Wasu mata biyu ne, ya da ƙanwa, Elsie da Doris Waters, waɗanda ke fitowa da sunan Gert da Daisy, matan talakawan gabashin Landan masu hira ta kan katanga, suna gulmar mazajensu da ba a taɓa jin muryarsu ba. Cikin Afrilu 1940 aka naɗa Lord Woolton Ministan Abinci. Shi ba ɗan siyasa ba ne, shugaban wasu manyan kantuna ne, ya kuwa san abin da ɗan kasuwa ya sani, cewa mace ba ta son namiji mai kwat ya koya mata tuƙin tukunyarta. Sai ma'aikatarsa ta nemi Gert da Daisy. Tun daga 1940 akwai wani ɗan shiri na minti biyar da safe, ƙarfe takwas da kwata, bayan labarai, sunansa The Kitchen Front, watau an mai da madafa ita ma fagen fama. A nan a ke koya wa mata yadda za a dafa dankalin Turawa da ɓawonsa, yadda za a sa karas a madadin sukari, yadda ragowar jiya za ta zama abincin yau. Gert da Daisy su kan zo su yi ta gardama da tsegumi, cikin hirar su zura yadda a ke dahuwar. Wata gwanar, Mabel Constanduros, ta kan fito a matsayin wata tsohuwa mai mita, Kaka Buggins, wadda ba abin da ke gamsar da ita. Har likitan rediyo, Charles Hill, da raha ya ke zancen ciki da bayan gida.

A nan ne gwaninta ta ke, a nan kuma abin tuhuma ya ke. Gwanintar ita ce an bar matan su yi ƙorafi tukuna. Ba su taɓa cewa abincin yana da daɗi ba in ba shi da shi. Sai sun kushe shi son ransu, mai sauraro ta ce lalle waɗannan namu ne, sa'an nan su ce to, da babu gara ba daɗi, ga yadda za a yi da shi. Da wani jami'i ne ya karanta wannan shawara da an murɗe akwatin. Abin tuhumar kuwa shi ne, mai ƙorafin da mai dokar bakinsu ɗaya. Gwamnati ce ta ɗauki hayar masu yi mata tsegumi, ta auna musu iyakar tsegumin kamar yadda ta auna sukari.

Abincin da kansa ya isa abin wasa, ba sai an yi masa ƙari ba. Wani babban kuku na hotel ɗin Savoy ya shirya wani haɗi na dankali da karas da farin kabeji da garin hatsi, babu ko tsokar nama, aka sa masa sunan Woolton, aka yi ta tallarsa a 1941, jama'a suka yi ta yi masa dariya, Ministan bai yi fushi ba. Daga Amurka aka kawo garin ƙwai, fakiti guda a madadin ƙwai 12, in an soya shi ya yi kamar roba. Naman nan da a ke niƙawa a ɗura cikin hanji ba a ƙayyade shi ba, amma an cika shi da burodi har masu wasa suna tambaya ko miya za a ci shi da ita ko man shanu za a shafa masa. Albasa ta ɓace bayan Jamus sun ci Faransa, har a kan sa albasa guda ta zama kyautar da za a ci a ƙuri'a. Ayaba an daina shigo da ita a ƙarshen 1940, ba a sake ganinta ba sai Disamba 1945, yara da yawa suka tashi ba su san yadda a ke ɓare ta ba. Ma'aikatar Abinci ta ƙago wasu mutum-mutumi biyu na zane, Dankali da Likita Karas, aka kuma baza cewa karas na sa a gani cikin duhu, wai shi matuƙan jiragen dare ke ci, alhali wata na'urar hango jirgi ce ta asiri ke taimakonsu. Wanda ya taɓa ganin 'yan kama sun zauna kamar malamai, suna jan baƙi da murya mai nauyi amma duk tuwo da miya da nama su ke ambato, ya san asirin wannan irin wasa: abin da ciki ke bege, in aka ambace shi da girmamawar da ta wuce kima, dole a yi dariya.

To, wa a ke yi wa dariya? Mahauci mai ɓoye hanta ƙarƙashin tebur don matar da ya ke so. Mai kanti da ya zama sarki, wanda matan da dā su ke yi masa tsawa yanzu su ke yi masa murmushi. Matar da ta ga layi ta shiga ba ta san abin da a ke sayarwa ba. Ɗan ƙaramin akawu da hatiminsa. Mai sayar da kayan bayan fage. Wa ba a taɓawa? Ba a taɓa dokar rabon kanta, ba a tambayar ko yaƙin ya cancanci wahalar, ba a kama sunan babba a ce ya ci amana. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, wasannin nan kuwa kamar a kan wannan karin magana aka gina su. Ko Ministan da Handley ke yi, wawa ne mai ban dariya, ba azzalumi ba. Shi ya sa ba a yi mamaki ba da aka gayyaci 'yan ITMA fadar Windsor cikin Afrilu 1942, suka yi wasa gaban Sarki George na Shida ranar da 'yarsa Elizabeth ta cika shekara 16. Wawan sarki ya kan faɗi abin da waziri ba ya iya faɗa, amma a fada ya ke cin tuwo.

Duk da haka kada mai karatu ya ɗauka yaudara ce tsantsa. Jama'a sun yarda da wasan ne don abin da ke ƙarƙashinsa gaskiya ne gwargwado. Abin da littafin rabo ya ce mutum zai samu, ya kan same shi. An ba mata masu ciki da ƙananan yara madara da ruwan lemo da man kifi, talakawa da yawa sun ci abinci mai gina jiki fiye da yadda su ke ci kafin yaƙi. Sarki kansa yana da littafinsa. Matar Shugaban Amurka, Eleanor Roosevelt, da ta sauka a fadar Bakingham a 1942, ta tarar an ja layi cikin bahon wanka don kada ruwa ya wuce inci 5, aka kuma ba ta burodin nan mai duhu da kowa ke ci. Ba a ce babu bambanci ba. Mai kuɗi yana iya zuwa hotel ya ci ba tare da an yanki littafinsa ba, sai a 1942 aka hana sayar da abincin da ya wuce na sule 5, manyan hotel kuma suka san hanyar zagayawa. Mutumin ƙauye yana da kaji da zomaye. Amma gibin bai kai wanda zai sa dariya ta koma zagi ba.

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan magana tana cikin gidan BBC ɗin kansa. A sashenta na Jamusanci, tun daga 1940, akwai wata mata ta ƙage, Frau Wernicke, matar aure ta birnin Balin mai surutu. Annemarie Hase ce ke yin ta, Bayahudiya 'yar wasa da ta gudo daga Jamus, Bruno Adler ke rubutawa. Ita ma zancenta layi ne da dankali da sabulun da ba ya kumfa da kofin da ba kofi ba. Ta kan yi kamar tana yabon Hitila da manyansa, yabon da ke tona musu asiri, tana nuna yadda su ke ƙiba talaka na ramewa. Watau Gert da Daisy ce aka sa wa zanen Jamus. Kayan wasa ɗaya, gida ɗaya, amma ɗaya an yi ta don matan Landan su daure, ɗaya don matan Balin su karaya. Abin da ya raba su guda ne: a wasan gida ba a cewa manya na cin abin da talaka bai samu ba, a wasan waje kuwa wannan ne kan maganar. Ashe masu shirya wasannin sun san sarai inda ƙarfin abin ya ke.

Jamusawa kuwa ba su da inda za su fitar da nasu. Tun ran 1 ga Satumba 1939 aka haramta musu sauraron tashar waje. Werner Finck, gwanin barkwanci na Balin, an tsare shi a sansani a 1935, aka hana shi sana'a a 1939. Wani ɗan wasa, Robert Dorsay, an kashe shi a 1943 saboda ba'ar da ya yi wa mulkin. Sai barkwancinsu ya koma raɗa, mutum ya waiga dama da hagu kafin ya faɗa. Wanda ya kwatanta wannan da Woolton, wanda a ke yi wa abincinsa dariya yana murmushi, dole ya ba Ingila nata. Gwamnatin da ta auna wa mutane iyakar tsegumi ta fi wadda ta yanke musu harshe.

Sai dai akwai waɗanda ba su shiga wasan ba ko kaɗan, su ne kuwa suka fi kowa biya. A 1943, sa'ad da a ke dariyar garin ƙwai a Landan, yunwa ta kashe mutum tsakanin miliyan 2 da miliyan 3 a Bengal ta ƙasar Indiya, ƙarƙashin tutar Sarki ɗaya. Ba wanda ya yi wasan ban dariya a kan wannan, ba kuwa zai yiwu ba, gama ƙarancin abinci a ke yi wa dariya, yunwa ba a yi mata. Ƙasar Hausa ma tana da hannu cikin kwanon. Bayan Japan ta ci Malaya da tsibiran gabas a 1942, Ingila ta rasa man da ta ke samu daga can, sai ta juyo ga gyaɗar Nijeriya ta Arewa da manjan Kudu. Aka sa wata hukuma ta sayi amfanin gonar Afirka ta Yamma a farashin da ita ta yanka, aka matsa wa manoma su ƙara noma, da wannan gyaɗa a ke yin man da ya maye gurbin man shanu a teburin Ingila. Manomin da ya noma ta kuwa gishiri da kananzir da yadi sun yi masa wuya, ba shi da littafin da ya tabbatar masa da rabonsa. A cikin ITMA, in baƙon fata ya fito, to, irin su Ali Oop ne, ɗan tallan gabas mai karyayyen Turanci da 'yar damfara. Wannan aibi ne babba ga wasan da ke taƙama da cewa kowa da kowa cikin jirgi ɗaya a ke. Ba a buƙatar a ce Kavanagh mugu ne. Idonsa dai bai wuce bakin teku ba, na masu sauraronsa ma haka.

Abin da ya faru bayan yaƙi ya ƙara fito da maganar fili. An ci nasara a 1945, amma rabo bai ƙare ba, sai ma ya tsananta. Burodi, wanda ba a taɓa ƙayyadewa ba duk tsawon yaƙin, an ƙayyade shi daga Yuli 1946 zuwa 1948. Aka kawo naman kifin nan babba na teku, da wani kifin gwangwani daga Afirka ta Kudu wanda mutane suka ƙi ci. ITMA ya ci gaba, ya ƙara da wata mai wanki, Mona Lott, mai muryar makoki, wadda ke lissafa masifun danginta tana cewa fara'a ce ke riƙe da ita. An yi dariya, amma dariyar ba ta ƙara sa kowa haƙuri ba. Matan aure suka kafa ƙungiya suna zanga-zanga a kan layi da rabo, 'yan hamayya suka mai da abin makamin zaɓe, jam'iyyar Leba ta faɗi a 1951. Masu wasan ba su rage gwaninta ba. Dalilin wahalar ne ya tafi, jiragen Hitila ba su cikin teku, mutane kuma suka fara tambayar da wasan bai taɓa yi ba.

Game da ko aikin ya jure wa zamani, hukuncin ya rabu biyu. ITMA bai jure ba. Kavanagh ya kan gyara rubutun har kusan ranar wasa don ya zura labarin makon, yawancin abin dariyar kuma wasa da kalmomin Turanci ne masu kama da juna, wanda ba ya fassaruwa, ba ya kuma daɗewa. Turawan da suka saurari fayafayen da suka rage daga baya, da yawansu sun ji jama'ar zauren na ƙyaƙyatawa su kuwa ba su ga abin dariyar ba. Kamar fura ce, ranar da aka dama ta a ke shan ta. Gert da Daisy sun fi shi ƙarko, domin su ba a kan kalma suka dogara ba, a kan hali ne: mata biyu, tukunya ɗaya, nama kaɗan, miji yana hanya. Wannan kowace ƙasa an san shi.

Tommy Handley ya yi wasansa na 310 ran 6 ga Janairu 1949, bayan kwana uku ya mutu farat ɗaya. Dubban mutane suka tsaya bakin hanya da za a wuce da gawarsa, aka yi masa addu'a a babban cocin Saint Paul na Landan, wasan kuma aka rufe shi, ba a nemi wani ya gaje shi ba. Littafin rabo ya fi shi tsawon rai da shekara biyar. An saki ganyen shayi a 1952, alewa da sukari a 1953, nama kuwa sai cikin Yuli 1954, shekara 14 da rabi bayan ranar da aka fara auna man shanu.